Aljahiz na Basra: Rayuwarsa da Koyarwarsa a Kan Bayyana Tunani

1.0 Gabatarwa

Kalmomin bayani da lafazi da ma'ana da ishara da fasaha da balaga sun zauna daram a bakin Bahaushe, har ba kowa ke tuna cewa aro su aka yi daga Larabci ba. Kafin su shigo Hausa, waɗannan kalmomi sun daɗe suna aiki a matsayin keɓaɓɓun kalmomi na wani fannin ilimi da ke nazarin yadda ɗan Adam ke fito da abin da ke cikin zuciyarsa har wani ya gane shi. Ɗaya daga cikin mutanen farko da suka tattara wannan ilimi a littafi shi ne Abu Usman Amru ɗan Baharu, wanda aka fi sani da laƙabin Aljahiz ko Jahizu.

A wannan babi za a kawo tarihin rayuwarsa, sannan a dubi abin da ya koyar dangane da furuci da zaɓen kalma da la'akari da mai sauraro. Dalilin kawo shi cikin darasin masu shirin zama malamai shi ne, ma'aunin da ya kafa wa magana shi ne wanda ake auna malami da shi a cikin aji, wato ko wanda aka yi wa maganar ya fahimta ko bai fahimta ba.

1.1 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Jahizu a birnin Basra da ke kudancin Iraƙi wajejen shekarar 776 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 160 Hijiriyya. A lokacin daular Abbasiyawa sabuwa ce, domin a shekarar 750 aka kafa ta, kuma a 762 aka gina Bagadaza, babban birninta. Ana danganta Jahizu da ƙabilar Kinana. Sai dai wani daga cikin danginsa ya ruwaito cewa kakansu baƙar fata ne, mai kula da raƙuman wani Bakinane, don haka masana da dama ke ganin jingina ce ta haɗa gidansu da wannan ƙabila. Daga baya ma ya rubuta wata risala ta musamman a kan abubuwan da baƙar fata ke alfahari da su.

Laƙabin nasa ya samo asali ne daga halittar idanunsa, waɗanda suke manya kuma sun firfito, domin abin da kalmar ke nufi ke nan a Larabci. Marubuta tarihinsa sun haɗu a kan cewa ba shi da kyan fuska, kuma shi kansa yakan mayar da wannan abin raha.

Ya tashi cikin talauci a hannun mahaifiyarsa. An ruwaito cewa an sha ganinsa yana sayar da gurasa da kifi a bakin wata mashigar ruwa ta Basra da ake kira Saihan. Akwai kuma labarin da ke nuna yadda karatu ya shiga ransa tun yana saurayi. Wata rana ya nemi abinci, sai mahaifiyarsa, wadda ta gaji da ganinsa yana dawowa gida hannu rabbana, ta ajiye masa faifai cike da takardun da yake tarawa, don ta nuna masa cewa abin da yake kawowa gidan ke nan. Ya fita cikin ɓacin rai zuwa masallaci, inda wani mawadaci mai son ilimi, Muwaisu ɗan Imrana, ya lura da shi, ya ciyar da shi, ya ba shi dinari 50. Ya sayi gari da sauran kayan abinci ya aika gida, ya kuma shaida wa mahaifiyar tasa cewa takardun nan ne suka kawo su.

1.2 Neman Iliminsa a Basra

Ba a fahimtar Jahizu sai an san irin garin da ya rene shi. An kafa Basra a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi a matsayin sansanin mayaƙa, amma kafin ƙarni na 8 ya ƙare ta zama babbar cibiyar ciniki da ilimi. A nan ne Halilu ɗan Ahmad ya tsara ilimin aruli, ya kuma aza harsashin ƙamus na farko na Larabci. A nan ne kuma almajirinsa Sibawaihi ya rubuta littafinsa na nahawu wanda har yau ake komawa gare shi. A kasuwannin garin kuwa ana jin bakin Larabawa da Farisawa da mutanen Sindu da na gabashin Afirka da manoman karkarar Iraƙi masu magana da harshen Aramiyanci, kowa yana karya Larabci gwargwadon yadda harshensa na gado ya horar da bakinsa.

Wurare uku suka zama makarantar Jahizu. Na farko shi ne babban masallacin Basra, inda ya zauna gaban manyan malaman lugga irin su Asma'i da Abu Ubaida da Abu Zaid Al'ansari, ya karanci nahawu a wurin Ahfash, ya kuma koyi ilimin muhawara a kan aƙida a wurin Ibrahim Annazzam, ɗaya daga cikin jagororin Mu'utazilawa. Na biyu shi ne Mirbad, wata kasuwar raƙuma a bayan gari, inda Larabawan ƙauye ke sauka, mawaƙa na baje kolinsu, malaman lugga kuma na bin baƙin suna rubuta kalmomi daga bakinsu. Na uku shi ne shagunan masu kwafar littattafai. A daidai wannan zamani ne sana'ar yin takarda ta yaɗu a Iraƙi, littafi ya yi sauƙin samu, ana kuma ta fassara ayyukan Girkawa da Farisawa da Indiyawa. Ibn Annadim, mai littafin Fihrist, ya kawo cewa Jahizu yakan yi hayar shagon masu littattafai ya kwana a ciki yana karatu.

Ke nan, kunnensa ya saba da ingantaccen Larabcin ƙauye da na malamai da na 'yan kasuwa da na baƙi. Wannan ne ya sa da ya zo rubutu a kan magana, ya yi shi a matsayin wanda ya saurari mutane, ya lura da inda suke fahimtar juna da inda suke kasawa.

1.3 Zamansa a Bagadaza da Samarra

Sunan Jahizu ya isa fada ne a zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Halifan ya karanta wasu rubuce-rubucensa a kan shugabancin al'umma, ya yaba da yadda suka haɗa zurfin ma'ana da sauƙin lafazi. An ba shi aiki a ofishin rubuta wasiƙun halifa, amma kwana uku kawai ya yi ya nemi a sauwaƙe masa. Daga nan ya rayu da alƙalaminsa, yana sadaukar da littattafansa ga manyan daula, su kuma suna yi masa kyauta, kamar yadda al'adar zamanin take. Ya zauna a Bagadaza, sannan a Samarra bayan da Halifa Mu'utasim ya mayar da fada can a shekarar 836.

Babban ubangidansa shi ne Waziri Ibn Azzayyat, wanda ya sadaukar wa Kitabul Hayawan, wani katafaren littafi mai juzu'i 7 a kan dabbobi da hikimar Mahalicci a cikinsu. An ce ya sami dinari 5,000 a kansa. Amma zaman fada yana da haɗarinsa. A shekarar 847 Halifa Mutawakkil ya hau mulki, ya sa aka kama wazirin aka azabtar da shi har ya mutu. Jahizu ya gudu, aka kamo shi aka kawo shi cikin mari gaban Alƙalin Alƙalai Ahmad ɗan Abi Du'ad, wanda tsohon abokin gabar wazirin ne. Alƙalin ya zazzage shi da faɗa, Jahizu kuwa ya mayar da jawabi cikin natsuwa da hikima, yana nuna cewa afuwa ta fi dacewa da mai iko a kan ramuwa. Nan take aka kwance shi, aka tufatar da shi, ya koma cikin na kusa da alƙalin. Wannan alƙali ne ya sadaukar wa littafinsa Albayan wat Tabyin, wanda ya kammala kafin rasuwar alƙalin a shekarar 854.

Akwai wani abu da ya same shi a wannan fada da ya shafi aikin koyarwa kai tsaye. An ambace shi a wurin Mutawakkil a matsayin wanda ya dace ya karantar da wani ɗansa. Da halifan ya ga fuskarsa, sai ya sa aka ba shi dirhami 10,000 aka sallame shi. Mutumin da aka hana koyar da yaro ɗaya saboda kamanninsa, littattafansa sun shafe fiye da shekara 1,100 ana karantar da su.

1.4 Ma'anar Bayani a Wurinsa

Jahizu ya buɗe Albayan wat Tabyin da neman tsari daga abubuwa biyu: fitinar surutu da kuma gazawar harshe. Ya kafa hujja da ƙissar Annabi Musa (AS), wanda ya roƙi Allah Ya warware masa ƙullin harshensa, Ya kuma haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna (AS) wanda ya fi shi fasahar magana. Abin da yake son nunawa shi ne, saƙo kome gaskiyarsa yana bukatar harshen da zai isar da shi.

A ganinsa, tunanin da ke cikin zuciyar mutum ɓoyayye ne, kamar ma babu shi, muddin ba a fito da shi ba. Mutum bai san abin da ke ran ɗan'uwansa ko abokin sana'arsa ba sai an bayyana masa. Saboda haka duk abin da ya yaye lulluɓin da ke kan ma'ana har mai sauraro ya kai gare ta, shi ne bayani, domin manufar mai magana da mai ji duka ita ce fahimta da fahimtarwa.

Ya kasa hanyoyin isar da ma'ana zuwa gida biyar. Ta farko ita ce lafazi, wato furucin baki. Ta biyu ishara, da hannu ko kai ko ido ko gira. Ta uku ƙidaya da yatsu, wata dabarar lissafi da 'yan kasuwar zamanin ke yi ta hanyar lanƙwasa gaɓoɓin yatsu. Ta huɗu rubutu, wanda ke isa ga na nesa da wanda ba a haifa ba tukuna. Ta biyar kuwa ita ce halin da abu yake ciki, wanda ke ba da labari ba tare da furuci ba, kamar yadda kango ke shaida cewa an taɓa zama a wurin. Ɗalibin kimiyyar harshe zai lura cewa wannan rabe-rabe ya yi kusa da abin da a yau ake nazari a ilimin alamomi.

Dangane da ishara, ya ɗauke ta a matsayin abokiyar aikin lafazi. Ya kawo labarin wani malami, Abu Shimir, wanda ke ganin motsa hannu yayin magana alamar rauni ce, don haka yakan yi muhawara a sandare kamar dutse. Ranar da Annazzam ya matsa masa da hujjoji, sai ga shi yana wurgi da hannuwa, har ya taso daga mazauninsa ya kama hannun abokin muhawarar tasa. Haka nan ya keɓe wani sashe na littafin don kare al'adar masu huɗubar Larabawa ta riƙe sanda, wadda 'yan Shu'ubiyya, masu ƙyamar fifikon Larabawa, suke yi wa ba'a.

1.5 Furuci da Matsalolinsa

Jahizu na cikin waɗanda suka fara bayyana lahanin furuci dalla-dalla. Ya nuna cewa tsamin baki ya fi shafar haruffa huɗu na Larabci: ƙaf da sin da lam da ra. Ya bayyana sautin da kowannensu ke rikiɗewa ya koma, ya kuma nuna cewa ra kaɗai tana iya komawa sautuka huɗu daban-daban. Ya yi magana a kan in'ina, da rawar da haƙora ke takawa wajen fitar da sauti, da kuma haruffan da ba sa maƙwabtaka da juna a cikin kalmar Larabci.

Ya kuma lura da abin da a yau ake kira katsalandan ɗin harshen uwa. Ya nuna cewa mutumin Sindu da ya zo ƙasar Larabawa da girmansa yakan mayar da jim ta koma zayi ko da ya shekara da yawa cikin masu ingantaccen harshe, yayin da manomin karkarar Iraƙi ke mayar da aini ta koma hamza. Malamin Hausa zai gamu da irin wannan a ajinsa, inda ɗalibin da Hausa ba harshensa na farko ba ne ke furta ƙ kamar k, ko ɗ kamar d, har bambancin da ke tsakanin kafa da ƙafa, ko dauri da ɗauri, ya ɓace. Jahizu bai ɗauki kowane lahani a matsayin abin da ba ya gyaruwa ba. Ya ba da labarin wani malami, Muhammad ɗan Shabib, mai mayar da ra ta koma gaini, wanda kan iya furta ta daidai in ya natsu, sai dai yana ganin wahalar yin hakan. Jahizu ya shawarce shi da ya daure wa wannan wahala na wata ɗaya, yana mai tabbatar masa cewa harshensa zai miƙe.

Labarin da ya fi shahara a wannan babi shi ne na Wasilu ɗan Aɗa'u, wanda ya assasa mazhabar Mu'utazila, ya kuma rasu a shekarar 748. Tsamin bakinsa a kan harafin ra ya yi muni ƙwarai, alhali kuwa shi jagora ne da ba shi da makawa sai ya yi huɗuba da muhawara. Sai ya horar da kansa har ya fitar da wannan harafi daga maganarsa gaba ɗaya. In zai ambaci alkama, sai ya bar kalmar burr ya ɗauki hinɗa ko ƙamh. In zai ce makaho, sai ya bar darir ya ce a'ama. In zai ce shimfiɗa, sai ya bar firash ya ce madja'. Har doguwar huɗuba ya taɓa yi a gaban gwamnan Iraƙi babu ra ko ɗaya a cikinta.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, yalwar kalmomi ita ce mafitar mai magana. Ɗalibi na iya jarraba dabarar da Hausa: ya ce ƙima a madadin daraja, tufa a madadin riga, malalaci a madadin rago, jin daɗi a madadin farin ciki. Zai tarar cewa kowace musanya tana zuwa da ɗan sauyin ma'ana, domin tufa ta fi riga faɗi. Jahizu ma ya lura da haka, inda ya nuna cewa Wasilu ya san kalmar da ya bari ta fi waɗanda ya ɗauka inganci, larura ce ta sa shi barinta.

1.6 Zaɓen Kalma da La'akari da Mai Sauraro

Ra'ayin Jahizu da aka fi tattaunawa shi ne wanda ya kawo a Kitabul Hayawan, cewa ma'anoni abu ne da kowa ke iya samu, Balarabe da Ba'ajame, ɗan birni da ɗan ƙauye, kuma inda gwani ke yi wa saura zarra shi ne wajen zaɓen lafazi da kyan ƙira. Wasu sun fahimci wannan a matsayin raina ma'ana. Abdulƙahir Aljurjani, wanda ya rasu a 1078, ya nuna cewa abin da ake nufi shi ne siffar da mai magana ke ba tunani, kamar yadda maƙera biyu za su karɓi azurfa iri ɗaya amma zobensu ya bambanta.

A wurin Jahizu kalma mai kyau ita ce matsakaiciya, wadda ba ta faɗa cikin ƙazamin zancen kasuwa ba, ba ta kuma zama baƙuwa mai wuyar ganewa ba. Ya yi wa masu tsananta lugga dariya da labarin Abu Alƙama, wani malamin nahawu da aka kira masa wanzami don ya yi masa ƙaho. Malamin ya shiga ba wanzamin umarni da wasu kalmomi da ba a jin su sai a tsofaffin waƙoƙi. Wanzamin ya saurara, ya mayar da ƙahonninsa cikin zabira, ya kama hanyarsa.

Wani lokaci kuma duhun magana da gangan ake yin sa. Jahizu ya taɓa tambayar malaminsa Ahfash dalilin da ya sa ba ya sauƙaƙa littattafansa na nahawu, alhali ya fi kowa sanin fannin. Malamin ya amsa masa da cewa neman abinci ne ya sa shi rubuta su, kuma in ya bayyana kome, bukatar mutane gare shi za ta ragu. Wannan hali bai ƙare da zamanin Ahfash ba, kuma malamin da ya ɗauke shi ya ci amanar ɗalibansa.

Har ila yau, Jahizu ne ya adana mana takardar Bishiru ɗan Mu'utamir, wanda ya rasu a 825. Bishiru ya wuce wani malami yana koya wa samari huɗuba, bai gamsu da hanyar koyarwar ba, sai ya miƙa musu takardar da ya rubuta. A cikinta ya shawarci mai shirya magana da ya zaɓi lokacin da yake cikin nishaɗi da kwanciyar hankali, ya guji sarƙaƙiya, ya auna ma'anoninsa da matsayin masu sauraro da kuma halin da ake ciki, ya kuma nisanci keɓaɓɓun kalmomin fanninsa in yana magana da waɗanda ba 'yan fannin ba ne. In magana ta ƙi zuwa, ya bar ta ta kwana. In ya sake gwadawa ta ƙi, to ya nemi wata sana'ar da ta dace da ɗabi'arsa.

A kan wannan tushe ne Jahizu ya gina ra'ayinsa cewa magana hawa-hawa ce kamar yadda mutane suke hawa-hawa. Har ma ya gargaɗi mai ba da labarin barkwancin talakawa da kada ya gyara musu nahawu, domin gyaran zai kashe armashin labarin. Ya yi aiki da wannan a littafinsa na marowata, Kitabul Buhala. Ya kuma yaba wa Musa Al'uswari, wani mai wa'azi a Basra da ke zaunar da Larabawa a damansa, Farisawa a hagunsa, ya karanta aya ya fassara wa kowane ɓangare da harshensa, har a kasa gane wanne ya fi ƙwarewa a ciki. Jahizu ya ɗauki wannan a matsayin abin mamaki, domin a lurarsa harsuna biyu in suka haɗu a baki ɗaya, kowanne yakan raunana ɗan'uwansa.

1.7 Ra'ayinsa a Kan Malamai

A zamaninsa ana yi wa malaman yara kallon raini, har ana buga misali da su wajen wauta. Jahizu ya ƙi yarda da wannan hukunci na bai-ɗaya, ya tunatar da cewa manyan masana irin su Kisa'i da Ƙuɗrub malaman yara ne. Ya kuma rubuta risala a kan malamai, wadda wasu sassanta suka iso gare mu.

A cikinta ya ba da shawarar kada a cika zuciyar yaro da nahawu fiye da abin da zai kare shi daga mummunan kuskure in zai rubuta wasiƙa, ko ya karanta waƙa, ko ya siffanta wani abu. Zurfafan mas'alolin fannin na wanda zai ƙware a cikinsa ne. Ya fi son a ba yaro lissafi, a kuma koya masa isar da manufarsa da lafazi mai sauƙi. Ya nuna cewa dogaro da hadda kaɗai yana dakushe basira, watsi da ita kuma yana sa abin da aka gano ya zube, don haka sai an haɗa biyun. Bugu da ƙari, ya lura cewa mutumin da ya fi kowa fasaha, in zai yi magana da ƙaramin yaro, dole ya sauko zuwa gwargwadon hankalin yaron, kuma wannan saukowa ita kanta gwaninta ce.

1.8 Ƙarshen Rayuwarsa da Tasirinsa

A ƙarshen rayuwarsa Jahizu ya koma Basra, yana fama da shanyewar ɓarin jiki da ciwon gaɓoɓi. Duk da haka bai daina rubutu da karɓar baƙi ba. Ya rasu a watan Muharram na shekarar 255 Hijiriyya, wato ƙarshen 868 ko farkon 869 Miladiyya, yana da shekara fiye da 90. Labarin da ya yaɗu cewa tarin littattafai ne ya rufto masa ya yi ajalinsa, marubutan baya ne suka kawo shi. An lissafa masa ayyuka kusan 200, waɗanda suka tsira ba su kai rabi ba.

Bai tsira daga suka ba. Malaman Sunna da dama sun yi masa raddi saboda aƙidarsa ta Mu'utazilanci, kuma Ibn Ƙutaiba ya zarge shi da iya kare abu yau ya rushe shi gobe, da kuma yawan cusa wasa cikin zance mai nauyi. Shi kuwa yana ganin gauraya raha da gaske ita ke hana mai karatu ƙosawa. Abu Hilal Al'askari ya yaba wa Albayan wat Tabyin, amma ya koka da cewa ƙa'idojin balaga sun warwatse a cikinsa, sai mai dogon nazari ke tsinto su. Malaman da suka biyo baya ne suka tsara fannin zuwa rassa uku, wato ma'ani da bayani da badi'i, kuma ta wannan tsari ne ya iso zaurukan malaman ƙasar Hausa cikin littattafai irin su Uƙudul Juman na Suyuɗi. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya ruwaito daga malamansa cewa littafin Jahizu na cikin littattafai huɗu da ilimin adabin Larabci ya ginu a kansu.

1.9 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Jahizu ya tashi daga sayar da gurasa da kifi ya zama jigo a nazarin magana. An ga cewa a wurinsa bayani yana cika ne in mai sauraro ya fahimta, kuma hanyar kai wa ga haka ita ce gyara furuci, da tara kalmomi, da sanin bambancin da ke tsakaninsu, da auna su da wanda ake yi wa magana. Kalmar balaga kanta ta fito ne daga saiwar Larabci mai ma'anar isa ko kaiwa, shi ya sa Hausa ke amfani da ita ga yaron da ya isa mutum da kuma maganar da ta isa inda aka aike ta. Ɗalibin da zai tsaya gaban aji ya riƙa tambayar kansa a ƙarshen kowane darasi ko maganarsa ta isa.

Tambayoyi

1. Bayyana yadda zaman Basra ya yi tasiri a kan fahimtar Jahizu game da harshe.
2. Kawo hanyoyi biyar na isar da ma'ana a wurin Jahizu, tare da misalin kowace daga rayuwar Hausawa.
3. Rubuta sakin layi ɗaya a kan garinku ba tare da harafin r ba, sannan ka nuna inda musanyar kalma ta sauya ma'ana.
4. Nuna bambancin ma'ana da ke tsakanin kallo da duba da hange da leƙe da harara.
5. Tattauna shawarar Jahizu a kan koyar da nahawu, ka danganta ta da koyar da Hausa a makarantar firamare.